Zuwa ga Ɗana Nura, Kan Kwikwiyon da Kake Son Kawowa Gida

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya same ni tun shekaranjiya, na jinkirta amsa ne don maganar ba ta tsaye ba ce. Ka ce tun da kuka tare a sabon gidanku na bayan gari sau biyu ana haura muku katanga, a na biyun har aka tafi da tumaki. Wani abokinka ya yi maka tayin kwikwiyo, ga kuma maiɗakinka da kyanwoyi biyu da ta zo da su daga gidansu. Kana tambaya ko iyayenmu suna haɗa kare da kyanwa a gida ɗaya, da yadda suke yi.

Suna haɗawa, amma kowa da muhallinsa. A gidan kakanka tun da na buɗe ido akwai kare, akwai mage. Kyanwa 'yar cikin gida ce. Tana shiga ɗakin tsohuwa, ta kwana a gindin gado, ta hau rumbu, ta zaga madafi, ba mai ce mata kanzil. Kare kuwa iyakarsa zaure da garka da turken dabbobi. Da rana ya bi mu gona, da dare ya kwanta a bakin ƙofa. In ya kuskura ya leƙo tsakar gida, tsawa ɗaya daga kakarka ta ishe shi. Wannan rabon wuri shi ne duk sirrin, kuma shi ne abin da nake ganin 'yan zamaninku kuna mantawa, don kun ga a waya Turawa suna kwana da kare a kan gado.

Ba da ka iyayenmu suka tsara haka ba, daga karatu suka samo shi. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya ce Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya faɗa cewa ita ba najasa ba ce, tana cikin masu kai da komo a tsakaninmu. Kare kuma an yi izinin riƙe shi don farauta da kiwo da tsaron gona, wanda ya riƙe shi ba don ɗayan waɗannan ba ladansa na raguwa kullum. Gadin gida malamai sun yi saɓani a kansa, da yawa sun ƙiyasta shi da tsaron gona idan buƙata ta tabbata. Malamanmu na zaure kan ba da labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda shi da kansa ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen birni. Da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, sai ya ajiye kare. Aka yi masa magana, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Wanda aka haura wa gida sau biyu, ni dai ban ga laifinsa ba. Amma ka tsare iyaka. A mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne, duk da haka in ya sa baki a mazubin ruwa ana zubarwa a wanke sau bakwai. Ka nisanta shi da randa da buta da wurin sallah, kada kuma ya shiga ɗaki, ka san hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare.

Yanzu bari in gaya maka kuskuren da na yi, don kada ka maimaita. Shekarar da aka haifi yayanka Sani, na karɓo kwikwiyo a wurin wani mafarauci, na zo na dire shi a tsakar gida, yara suka kewaye shi suna ihu. Muna da wata mage mai jego a lokacin, 'ya'yanta uku a bayan buhunan dawa. Shi kwikwiyo bai san komai ba sai wasa, ya nufe ta yana kaɗa bindi. Mari ɗaya ta kai masa, ta tsiyaye masa ido na hagu, haka ya rayu da ido ɗaya har ya mutu. A daren ta kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta haura maƙwabta, ba ta sake dawowa ba. Kafin damina ɓeraye sun yi mana ɓarnar da har yau nake tunawa. Ban ga laifin magen ba, ban ga na kwikwiyon ba. Ni na kawo baƙo na ɗora shi a kan 'yar gida ba sallama. Kada kuma ka ɗauki tafiyar kyanwa ƙaramin abu, don ɓera ba hatsi kaɗai yake ɓatawa ba. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci.

To ga yadda za ka yi. Da farko ka nemi yardar maiɗakinka, kyanwoyin nata ne, kuma ita ce za ta wuni da su duka kana wurin aiki. In ɗayarsu tana da ciki ko tana shayarwa, ka dakata har ta yaye. Kwikwiyon kuma kada a raba shi da uwarsa sai ya cika mako 8, amma kada ka bari ya wuce wata 3, don a wannan tsakanin ne yake karɓar duk abin da ya gani a matsayin na gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da ya girma bai san mage ba, in ta ruga a gabansa zomo yake gani.

Tun kafin ya iso ka kafa masa 'yar rumfa kusa da ƙofa, can nesa da inda kyanwoyin suka saba kwanciya. Kwanakin farko kada su haɗu sam. Ka samu tsumma ka goga a jikinsa ka ajiye inda suke wucewa, ka goga wani a jikinsu ka sa masa a makwanci. Dabba da hanci take fara sanin maƙwabcinta. Za ka ga sun shinshina, sun yi huci, sun kauce. Ranar da ka ga sun wuce tsumman ba su kula ba, to lokacin ganin ido ya yi. Ka bari ya ƙoshi ya gaji da wasa, ka riƙe shi da igiya, ka bar kyanwoyin su zo da ƙafarsu ko su ƙi zuwa. Kada kowa ya ɗauki kyanwa a hannu ya kai ta gabansa, wanda ya yi haka shi zai sha yakushi, ita kuma ta riƙe abin a ranta. Ka tabbata tana da inda za ta haye, katanga ko rufin akurki, don kyanwar da ta san tana da mafita ba ta cika kai farmaki ba. In ya zabura zai bi ta, ka ja igiya ka tsawatar nan take. In ya kalle ta ya kau da kai, ka shafa shi ka ba shi ɗan abin taɓawa. Kaɗan kaɗan, kullum. Wasu mako biyu sun saba, wasu sai an yi watanni, wasu kuma har abada iyakarsu kallon juna daga nesa, wannan ma ya wadatar. Ba abota kake nema musu ba.

Yara su ne babbar matsala. Ka ja musu kunne sosai, ranar da suka fara tunzura shi ya bi mage suna dariya, aikinka ya rushe. Kwanon kyanwoyin kuma a mayar da shi sama inda bakinsa ba ya kai, kuma a fara ba su kafin shi. Baƙo raɓa, ɗan gari kaba.

Akwai abin da kakanninka ba su samu ba, kai ka samu. Na ga wanda haukan kare ya kama muna yara, ba na fatan ko maƙiyina ya ga irin wannan. Da zarar alamun ciwon sun bayyana babu magani. Kwikwiyon na cika wata 3 ka kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafi, a riƙa maimaitawa duk shekara, a haɗa da kyanwoyin don su ma suna ɗauka. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato ta daɗe tana yin wannan allura, ba abu ne mai wuyar samu ba. Ka tambayi likitan maganin tsutsar ciki da allurar zawon jinin nan mai kashe 'yan kwikwiyo. In kaska ta kama shi kada ka bi shawarar masu cewa a shafa fiya-fiya. Ko maganin kaskar da aka yi don kare, wani guba ne ga kyanwa, gogar jiki kawai ta isa, don haka ka gaya wa likitan akwai kyanwoyi a gidan. Kada a ba kyanwa farasitamol ko ɓari ne, yana kashe ta. In cizo ko yakushi ya samu wani, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Abokinka zai iya ce maka a yanke masa kunne kamar yadda 'yan farauta ke yi, ko a riƙa barinsa da yunwa a ɗaure don ya yi zafi. Kada ka yarda. An azabtar da mace saboda magen da ta tsare ba ci ba sha, an kuma gafarta wa wani saboda karen da ya shayar. Ruwansa kada ya yanke, musamman da bazara, kuma inuwa ta riƙa samunsa.

In ka tsayar da ranar ɗauko shi ka sanar da ni, in Allah ya yarda zan shigo in ga inda ka kafa rumfar. Ka gaishe min da 'yata da yaran.

Baffanka.