Mun gama aikin bishara a Ghana, ta ina za mu bi da mota zuwa Jos?

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni da maiɗakina mun shekara 7 muna aikin bishara a ƙauyukan da ke kewaye da Tamale a arewacin Ghana, yanzu hukumar mishan ta sallame mu, za mu koma gida Jos. Ƙanena ya kawo mini motata Sienna mai lambar Najeriya wajen wata biyu da suka wuce don mu kwashe kaya, shi ya koma a bas. Shekarata 62, Mama kuma tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Wasu sun ce in bi ta Burkina da Yamai in shigo ta Maraɗi, akwai ma 'yan'uwa a can da muke so mu gaisa, wasu kuma sun ce ta Legas. Muna so Kirsimeti ya same mu a gida. Wace hanya ce ta fi, kuma waɗanne takardu za mu riƙe?

Amsa: Baba Fasto sannu da aiki, a gaishe mini da Mama, Allah ya saka da alheri. Bari in fara da abin da ya fi damuna a wasiƙar nan, dan Allah ku cire maganar Burkina da Yamai daga ranku gaba ɗaya. Ko kusan da ake cewa ta fi ma ba gaskiya ba ne, in ka lissafa daga Tamale zuwa Paga, Wagadugu, Yamai, Dosso, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Katsina, Kano har Jos, kilomita 2,000 ne da wani abu, daidai wa daida da hanyar bakin teku. To me ka rage? Abin da za ka ƙara kawai shi ne ratsawa ta Fada N'Gurma, Kantchari, Makalondi da Torodi, wurin da yau ko manyan motocin kaya sun ƙaurace masa, waɗanda ke ɗauko kayan Nijar daga Lome sai su kewaya ta Kaya da Dori da Tera, su ma sai an tara su ayari guda sojoji sun raka. Kai kuma ba fasinja ne kawai ba, mai bishara ne da kwalayen Littafi Mai Tsarki a bayan mota. A wannan yankin na Makalondi ne, a ƙauyen Bomoanga, aka sace Fada Pier Luigi Maccalli ɗan Italiya a Satumban 2018, sai Oktoban 2020 aka sako shi a Mali, kuma tun lokacin abin gaba ya yi ba baya ba. Ga shi Burkina da Nijar da Mali sun fice daga ECOWAS tun 29 ga Janairun 2025, ana dai shiga da fasfo har yanzu amma binciken baƙuwar mota ya tsananta sosai. 'Yan'uwan Maraɗi ba su ɓace ba, in kun huta a gida bayan biki ku taso ta Katsina da Jibiya hannu rabbana ku gaishe su ku dawo, ba da kayan shekara 7 a kai ba.

Akwai hanya ta tsakiya da na san wani zai raɗa maka, kuma ita ce gajeriya da gaske: Yendi, Tatale, ka faɗa Togo ta Kara, ka ƙetara Benin ta Jugu da Parakou da Nikki, ka shigo Najeriya ta Chikanda. Kusan sawun da fataken goro suke bi kenan tsakanin Kano da Gwanja da jakunansu, shi ya sa har gobe duk garin da ka tsaya a layin nan za ka sami Zango da mai jin Hausa. Ina son hanyar nan sosai, amma matsalarta inda take sauke ka, wato Baruten da Kaiama a Kwara, gefen dajin Kainji da 'yan bindiga suka yi wa sansani a 'yan shekarun nan, ga titi mara kyau, ga wuraren da babu sabis ɗin waya. Matashi shi kaɗai a motar haya da direban da ya san wurin, wata magana ce. Dattawa biyu da mota shaƙe da kaya, a'a.

Saboda haka ta bakin teku za ku bi, Kumasi, Ankara babban birnin Ghana, Aflao bodar Ghana da Togo, Lome, Kwatano, Seme bodar Benin da Najeriya, Legas, Badun, Lokoja, Abuja, Akwanga, Jos. Akwai cunkoso, akwai shingaye har su gundure ka, amma duk inda mota ta tsaya akwai makaniki kusa, akwai asibiti, akwai majami'ar da za ta buɗe muku ƙofa. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Yanzu maganar takardu, kuma nan ne nake so ka tashi tsaye gobe goben nan, kar ka bari sai ana saura kwana uku. Lokacin da ƙanenka ya shigo da motar, kwastam ɗin Ghana sun ba shi takardar shigar mota ta wucin gadi, wadda suke kira TVI, kwana 90 ne wa'adinta, ka ce wata biyu sun wuce, ka ga ke nan saura kaɗan. Buɗe akwatin gaban mota ka duba kwanan watan. In za ta ƙare kafin ku isa Aflao ka je ofishin kwastam a nan Tamale a sabunta, in ba haka ba tara ce za ka biya a boda, wani lokaci har a riƙe motar. Sannan takardar da sunansa aka cika ta, shi kuma ya koma, to ka nuna musu takardun mallaka masu sunanka su gyara tun a nan, kar sai kana layi a Aflao rana ta take. Ga masu karatu da motarsu lambar Ghana ce, ku taku ta fi wuya, tun 1 ga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mota mai baƙuwar lamba tana shiga ne a matsayin baƙuwa da za ta koma, ba wai ta zauna ba, gara ka sayar a can ka zo gida ka sayi wata.

Na biyu naku ne ku kanku. Kwana 90 da yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu ba tare da biza ba na ziyara ne, wanda ya zauna shekaru sai da izinin zama, ka duba naka da na Mama ko suna da rai, da fasfo ɗin ma. Na Mama nake jin tsoro, sau da yawa maigida yana sabunta nasa saboda shi ke zirga-zirga, na uwargida yana ƙasan akwati ya mutu ba wanda ya lura. Sai katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, kowa da nasa. In wani ya ce muku ya tsufa ku sake, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Sai inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, ita ce ke biyan wanda ka yi wa ɓarna a wata ƙasa, inshorar gida ba ta aiki a Togo da Benin, duba ranar ƙarewarta ita ma. Lasin tuƙi na gida da na ƙasa da ƙasa, takardar biyan kuɗin fito na motar, izinin baƙin gilashi na 'yan sanda tunda Sienna ce, abin kashe gobara, alamar nan mai kusurwa uku, taya safaya mai iska. A Togo da Benin za a yanka wa motar lesefase, wato takardar izinin wucewa, a bakin shiga, ka biya a taga ka karɓi rasit.

Da ka tsaya a Aflao ko Seme samari za su yanyame motar, wasu har da Hausa mai daɗi, Baba kawo fasfo in buga maka yanzun nan. Kar fasfo ya bar hannunka sai ga mai kaki a cikin ofis. Na san ba ka son ba da na goro kuma ina tare da kai, abin da ke aiki shi ne takardu cikakku, fuska a sake, da nuna cewa ba ka sauri. Duk kuɗin da aka ce na doka ne ka ce to, a ba ni rasit. Wanda ya ga kana duba agogo shi zai riƙe ka.

Kaya kuma, na san yadda sallamar mai bishara take, ikilisiya ba za ta bar ku haka ba. Za a kawo doya, man kaɗe, rigar saƙi ta Dagomba, buhun shinkafa, wata tsohuwa ta zo da zabbi biyu a ɗaure da ƙafa ta ce sai kun tafi da su. Ku karɓa da hannu biyu ku yi godiya, amma zabbin a yanka a ci a nan, shinkafar da man girki na galan a bar wa wanda zai gaje ku, don kwastam ɗin Najeriya ba sa wasa da shinkafar da ta shigo ta boda, ba ruwansu da kyauta ce. Tsofaffin kayan gida na wanda ya zauna waje sama da wata 9 ba a biyan fito a kansu, sai dai ka rubuta jerin abin da ke kowane kwali, ka sa lamba, ka haɗa da wasiƙar hukumar mishan mai hatimi da ke cewa kun gama aiki kuna komawa gida, a yi mata kwafi da Faransanci ma saboda jandarmomi. Kuma kar a danƙara wa motar kaya har bayanta ya zauna, littattafai nauyi gare su fiye da yadda ake zato, rabi a ba motar kaya.

Ga wani abu da nake roƙon ka musamman. Kar ku tashi ranar sujadar bankwana. Za a ce ƙarfe goma za a tashi, zumuntar mata su yi waƙa, matasa su yi, dattawa kowa ya yi jawabi, a yi kuka, a ci abinci, a ɗauki hoto, sai ka ga la'asar ta yi, kai kuma zuciya ta cika jiki ya mutu ka ce bari dai mu kama hanya. Haka dare zai same ku wajen Kintampo, kuma titin nan ya ci mutane da yawa, a Maris ɗin 2019 bas biyu suka yi taho mu gama da tsakar dare a yankin, sama da mutum 50 suka rasu. A yi bankwana Lahadi, Litinin a ɗaure kaya a kwanta da wuri, Talata da asuba a tashi. Ku kwana Kumasi, washegari Ankara ko ku ɗan wuce gaba zuwa Tema, sannan ku yi sammakon Aflao. Togo a bakin teku siririya ce, kilomita 50 da 'yan kai kun fita, amma ku tuna da kun taka Benin agogo ya ƙaru da awa ɗaya, mutane da yawa nan suke ruɗewa magariba ta riske su. Ku kwana Kwatano, ku ƙetare Seme da sassafe, ku daure wa shingayen Badagry, ku wuce Legas ba tare da kun shiga cikinta ba in zai yiwu, ku sauka Badun ku yi Lahadi a can ku huta sosai. Ku canza kuɗi kaɗan kaɗan, sidi zuwa sefa a Aflao, ragowar zuwa naira a Seme, 'yan canji Hausawa ne akasari, amma ka ƙirga a gabansu.

Daga Badun ne hankalina ba ya kwanciya. Tsakanin Akure, Owo, Okene da Lokoja an sha tare mutane, to wannan yankin tsakar rana ake ratsa shi, a bi sahun sauran motoci, ba tsayawa a daji ko don fitsari, ƙarfe huɗu ta same ku a masauki a Lokoja. Kar a sa a Facebook cewa ga mu nan tafe ranar kaza, mutum biyu a gida su san inda kuke ya isa. Sa'ar da kuka yi ba damina ba ce, don a Oktoban 2022 ruwa ya shafe titin a Koton Karfe motoci suka kwana da kwanaki, amma hazo zai iya sauka, kuma daga tsakiyar Disamba hanyar Lokoja zuwa Abuja cushewa take yi da masu tafiya biki. Ku tashi daga Tamale a makon farko na Disamba, kar ya wuce haka.

Ban yarda ka tuƙa wannan tafiyar kai kaɗai ba Baba. Ko ƙanenka ya dawo, ko a samu wani amintacce a ikilisiya mai lasin da fasfo a biya masa kuɗin komawa. Mama ta zauna gaba inda za ta miƙe ƙafa, duk awa biyu a tsaya a gidan mai ta taka ta zagaya motar, don dogon zama yana kumbura ƙafa, yana ma iya sa jini ya daskare a jijiya. Ta ga likita kafin tafiya, maganin hawan jini na wata guda ya kasance a jakar hannunta ba cikin kaya a baya inda zafi zai dafa shi ba, da abin awon jini in kuna da shi. Kar ta ƙi shan ruwa don gudun neman bayan gida, iyayenmu mata suna yawan yin haka a tafiya kuma yana kwantar da su.

Ranar ƙarshe kuwa, daga Akwanga in kun wuce Forest sai Hawan Kibo, ka san shi ba sai na gaya maka ba, amma ba ka taɓa hawansa da mota mai irin wannan nauyin ba. A duba ruwan lagireto da birki tun a Akwanga, a hau da ƙaramar giya, a kashe AC, kar a manne wa bayan tirela, a ba ta rata mai yawa don in ta kasa baya take dawowa. Ku fito da rigunan sanyi daga akwati tun a ƙasa, jikin da ya saba da zafin Tamale zai ji Jos a Disamba. Mutanen gida kuma ka gaya musu kar su tsayar da ranar tarba sai kun kira daga Riyom, sujadar godiya a bar ta sai Lahadi ta gaba bayan Mama ta yi kwana biyu tana barci a gadonta.