Mantuwa da saurin fushi na neman kashe min aure: ADHD ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 36, ina da shago a Babbar Kasuwar Sakkwato, da mata da 'ya'ya uku. Tun ina firamare ake ce min marar natsuwa. Har yau in ana min magana hankalina na wani wuri, kuma sai in fara aiki uku ban gama ko ɗaya ba. Maiɗakina za ta ce in taho da kayan miya in dawo hannu rabbana, in ta yi magana in hau ta da faɗa, can anjima kunya ta kama ni. Ta yi yaji sau biyu. Kwanan baya likita ya ce ɗana na fari na da ADHD, sai na ji duk alamomin da aka lissafa kamar da ni ake. Babba ma na yin wannan larura? Akwai magani?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. E, babba na yi. ADHD larura ce ta rashin iya tattara hankali, da yawan motsi, da gaggawar aikata abu kafin a yi tunani. Tana farawa ne tun yarinta, kuma da yawa ba ta barinsu in sun girma, sai dai ta sauya kama: yaron da ba ya iya zama a aji ya zama magidancin da ke manta alƙawari da katse mutane a magana. Ƙiyasi ya nuna kusan kashi 2.5 cikin 100 na manya na da ita. Tana kuma bin jini sosai, don haka ba abin mamaki ba ne uba ya gano kansa ta dalilin ɗansa.

Amma wasiƙa ba ta isa a yanke hukunci ba. Ƙa'idar da likitocin ƙwaƙwalwa ke bi tun 2013 ta ce sai alamomin sun bayyana kafin shekara 12, sun kai wata shida, kuma ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, misali gida da kasuwa. Ga wanda ya kai shekara 17 ana neman alamomi aƙalla biyar. Ba a gano ta da gwajin jini ko hoton kai, doguwar hira ce da tarihi. Dole kuma a duba wasu abubuwan da ke kama da ita: ciwon damuwa, fargaba, matsalar maƙoshi da ake kira tayirod, rashin barci, da shan tiramol ko kodin. Ka je Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Na san abin da mutanenmu ke rayawa in an ambaci Kware, kuma wannan tunanin ya hana mutane da yawa samun sauƙi. Zuwa can ba ya nufin hauka.

Batun fushi shi ya fi damuna a wasiƙarka. Mai wannan larura yana jin ɓacin rai kamar kowa, sai dai ɗan tazarar da ke tsakanin jin zafi da buɗe baki ce ta yi masa gajarta. Fushinsa kamar wutar kara yake, ya tashi nan take ya mutu nan take. Kai ka huce cikin minti goma, ita kuwa maganar da ka yaɓa mata na nan a ranta har mako. Kuma ka duba ta ɓangarenta: macen da ta faɗi abu sau uku aka manta, abin da take fahimta shi ne ba a ɗauke ta da muhimmanci ba. Sanin sunan larurar zai taimaka mata ta gane ba raini ba ne, amma ba zai sauke maka nauyin gyara ba.

Ku zauna lokacin da rai ke sanyi ku yi yarjejeniya: in ka ji ƙirjinka ya ɗau zafi, muryarka ta fara hawa, za ka ce "ba ni minti ashirin" ka fita, ita kuma ba za ta bi ka da magana ba, kai kuma lallai ka dawo a ƙarasa zancen. Abin da addini ya koyar na zama in kana tsaye da yin alwala yana ba da wannan tazarar da kake buƙata. Kalmar saki kada ta fito daga bakinka a wannan hali. In kuwa abin ya taɓa kaiwa ga duka, kada ka jira wani mako kafin ka ga likita. Saƙon cefane kuma ta turo maka a rubuce ta waya, ka sa ƙararrawa minti goma kafin rufe shago. Ka kula da barci, musamman a bazara da zafin Sakkwato ke hana runtsawa, domin ranar da ba ka yi barci ba fushin ya fi kusa.

Magani akwai shi. Na farko da aka fi bayarwa shi ne metilfenidet, wanda aka sani da Ritalin ko Concerta. Yana aiki a ranar da aka sha, amma yana iya rage cin abinci, hana barci, da ɗaga hawan jini da bugun zuciya, shi ya sa ake auna su kafin a fara da kuma bayan an fara. Magani ne da hukuma ke sa wa ido, ba a sayen sa sai da takardar likita, kuma ba kullum ake samun sa ba. Na biyu atomoksetin, wato Strattera, wanda ke ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa. Kada ka sha na ɗanka, kada ka bi shawarar mai kemis. In azumi ya zo, ka tambayi likitanka yadda za a tsara lokacin sha.

Ƙwaya kaɗai ba ta koya wa mutum tsara rana ko ba da haƙuri. Don haka ka nemi a haɗa ka da masanin halayyar ɗan Adam don zaman gyaran tunani da ɗabi'a. Ranar zuwa asibiti ka tafi da maiɗakinka, in da hali har da Hajiya ko wani yayanka da ya san yarintarka, domin abin da suka tuna game da kai kana ɗan shekara takwas na cikin abin da likita zai fara tambaya.