Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ya Kamata Kwafin Shafin Intanet Ya Kwana?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, kuma ina da shafin intanet da masu saye ke yin oda ta kansa. Kamfanin da ya ba shafin masauki ya ce in ƙara kuɗi duk wata domin su riƙa ajiye mini kwafinsa kullum, shi kuwa ɗan ƙanwata da ya gina shafin ya ce gara in sayi faifan ajiya a Adum. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Kowannensu yana da aikin da yake yi, amma idan kuɗi bai kai a haɗa duka biyun ba, ki fara da kwafin da zai zauna a hannunki, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kafin ki biya kamfanin ko sidi ɗaya, ki tambaye su a rubuce inda suke ajiye kwafin, da yawan kwanakin da suke riƙe shi kafin sabo ya shafe tsoho, da kuma ko akwai wani kuɗi na daban ranar da za ki ce a maido miki da shafin. Maganar wurin ajiyar ita ce mafi nauyi. A ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafuka suka ɗauke, kuma wasu masu shafukan ba su sake ganin bayanansu ba saboda kwafin nasu yana harabar da wutar ta ci. Ke da kike Kejetia lokacin gobarar Maris 2023 kin fi ni sanin halin wanda ya kwafi littafin bashinsa ya ajiye a durowa ɗaya da na asali.

Sannan ki sani cewa shafi irin naki kaya biyu ne. Akwai fayiloli, wato hotunan atamfofi da tsarin shafin, akwai kuma rumbun bayanai, inda farashi da oda da sunayen masu saye suke. Mutane da yawa hotunan kawai suke kwashewa, sai ranar da buƙata ta taso su tarar babu ko oda ɗaya a ciki. Idan da WordPress, wato manhajar gina shafukan intanet, aka gina shafin, manhajar UpdraftPlus ta kyauta tana ɗaukar kayan biyu, kuma tana iya tura su Google Drive da kanta a lokacin da aka tsara mata. Google yana ba kowane asusu gigabait 15 kyauta, sai dai wasiƙun Gmail ma daga cikinsa suke ci. Rumbun bayanan a riƙa kwafarsa kullum tunda oda ba ta tsayawa, hotuna kuwa sau ɗaya a mako ya isa.

Faifai mai terabait 1 na Seagate ko WD ko Toshiba ya ishe ki har da ragi. A jona shi lokacin kwafa kawai, a cire, ki tafi da shi gida, domin faifan da ke maƙale da kwamfuta dare da rana yana iya ƙonewa tare da ita idan wuta ta dawo da ƙarfi bayan dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, kuma ɓarawon da ya ɗauki ɗaya ba zai bar ɗayan ba. Da haka kin cika abin da masu wannan sana'a suka daɗe suna bi: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya nesa da sauran.

Akwai abin da ba ki tambaya ba, amma ya fi damuna. Asusun masaukin da rajistar sunan shafin da asusun Google ɗin duk su kasance da sunanki da lambar wayarki, kalmomin sirrin kuma a rubuce su a ajiye a gida. Wannan ba zargin yaron ba ne, amma matashi yakan tafi karatu ko neman aiki Accra, wayarsa ta ɓace, dukiyarki ta maƙale. Kuma ki sa shi ya ɗauki kwafin ya tayar da shafin a kwamfutarsa a gaban idonki, ki nemi odar makon jiya ki gan ta da sunan mai ita. Kwafi yakan lalace ba tare da kowa ya sani ba, saboda haka a maimaita wannan gwajin duk bayan wata uku.

Tambaya: Ni ne mai kula da shafin wata makarantar Islamiyya a Aboabo. Tun lokacin da intanet ya katse a 2024 iyaye suka kasa duba sakamakon yara, kwamiti yake cewa mu koma kamfanin da na'urorinsa ke cikin Ghana. Ya dace?

Amsa: Malam, katsewa daban, asarar bayanai daban. Abin da ya faru a ranar 14 ga Maris 2024 shi ne wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun samu matsala, har hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta ce gyaran zai ɗauki aƙalla mako biyar. Shafinku yana nan lafiya a lokacin, hanyar isa gare shi ce ta toshe. Masauki a cikin gida yana iya taimakawa a irin wannan rana, amma shi ma yana buƙatar tsayayyiyar wuta da janareta, don haka ku tambayi yadda kamfanin ya tanadi wannan kafin ku motsa. A ganina abin da ya fi gaggawa shi ne rajistar ɗalibai da sakamakon kowane zango su kasance a kwamfutar ofis da kuma a takarda, ta yadda uba zai zo a miƙa masa ko babu intanet. Ku sa wa kwafin kalmar sirri, domin dokar kare bayanan mutane ta 2012, mai lamba 843, ta ɗora muku alhakin tsare bayanan yaran nan.

Tambaya: Na ga filashi mai terabait 2 ana sayarwa a bakin titi da araha ƙwarai. In saya don ajiyar shafina?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka saya. Irin waɗannan galibi ƙananan filashi ne da aka sauya musu lissafi, su nuna wa kwamfuta girman da ba su da shi, kuma da zarar ainihin cikinsu ya cika sai fayiloli su fara lalacewa alhali sunayensu na nan a jere. Idan ka riga ka saya, manhajar H2testw ta kyauta za ta cika shi ta karanta, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Filashi ko na gaske ne ya fi dacewa da ɗaukar fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Don ajiya mai daɗewa ka sayi faifai a shagon da zai ba ka rasit da garanti, kuma ka gwada shi tun kwanakin mayar da kaya ba su wuce ba.