Amsoshin Wasiƙunku: Makaɗi, Maroƙi da Wannan “Giriyo” Taku

Wani ɗalibi daga Garwa ta ƙasar Kamaru ya rubuto: “Malam, Allah ya ƙara sani. Mene ne giriyo da Hausa?”

Ɗana, tambayarka ta sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Giriyo kalmar Faransanci ce, kuma buhu ce da Bature ya zuba mutum biyar ko shida a ciki ya ɗaure baki don ya huta. Mu kuwa kowa da sunansa. Makaɗi shi ne mai ganga ko kalangu a hannu. Mabushi shi ne mai algaita ko kakaki. Mawaƙi yana tsara baiti ya rera, 'yan amshi su karɓa masa. Sanƙira ba ya kiɗa, ba ya waƙa, aikinsa ya tsaya gefe yana ɗaga murya, yana jera asalin wanda ake wasawa, in an yi kyauta ya shelanta ta har na bayan taro ya ji. Maroƙi kuwa sunan sana'ar ce gaba ɗaya ta fuskar abin da ake ci da ita, wato roƙo. Shi ya sa za ka kira mutum mawaƙi ya yi murmushi, ka kira shi maroƙi ya haɗe rai, alhali mutumin ɗaya ne.

A wata Sallah ina tsaye a ƙofar fadar Lamiɗon Garwa, wani dattijo na gabana yana busa algaita. Kumatunsa sun kumbura kamar an cusa lemo biyu, yana shaƙar iska ta hanci, sautin bai yanke ba ko sau ɗaya har dawaki suka gama wucewa. Can gefe wani yana harhaɗa gaɓoɓin kakakinsa, yana goge bakin da hannun riga. Sai wani saurayi, Bahaushe ɗan Bahaushe, ya ɗaga waya yana ɗauka, yana ce wa abokinsa, “Dubi giriyo yana buga algaita.” Kuskure biyu a numfashi ɗaya! Algaita busa ta ake yi. Abin da ake bugawa ƙwallo ne.

Tunda a ƙasar Adamawa muke, ga wata kalmar da ya kamata ka riƙe: bambaɗawa, wato maroƙan Fulani. Daga Fulatanci muka aro ta, su suna cewa bambaaɗo, jam'i wambaaɓe. A bakinmu ma'anar ta zame, har “bambaɗanci” ya koma yabon kwaɗayi, irin na mai bin ɗan siyasa. Abin lura shi ne aron bai tsaya ɓangare guda ba. Malaman jihadi ba su yi na'am da kaɗe-kaɗen fada ba, amma bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu a farkon ƙarni na 19, lamiɓe, wato sarakunan Fulani, suka zauna da gindinsu a Garwa da Marwa da Ngaundere, sai sarauta ta nemi kayan adonta. Masu busa da masu kiɗan da suka cika fadojin, da yawansu Hausawa ne da Barebari. Har gobe kana iya jin ana wasa basarake Bafulatani da kirarin Hausa a garin da kasuwarsa Fulatanci ake ciniki. To wa ya ari na wani?

Wata Hajiya daga Marwa tana tambayar ma'anar “Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.”

Ranki ya daɗe, wanda abu ya faru a kansa shi ya fi cancanta ya ba da labari. In ana ƙishin-ƙishin ɗin magana sai ga mai ita ya iso, nan ake faɗarta.

Wani direba da ke zirga-zirga tsakanin Kusiri da Injamena ya ce ya ji ana cewa “kakakin gwamnati” a rediyo, yana so ya san ko akwai dangantaka da kakakin sarki.

Akwai, Malam. Kakaki dogon ƙaho ne na ƙarfe, yakan wuce mita 2, kuma ba a busa wa talaka shi, komai kuɗinsa. Tarihin Kano ya jingina shigowarsa ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Da yake shi ke sanar da fitowar sarki, sai aka ɗora sunansa a kan mai magana da yawun hukuma. Wannan aro ya yi kyau. Wanda ban gamsu da shi ba shi ne “kakakin majalisa”. Mutumin nan shugabantar zama yake yi, yana ba wannan dama yana tsawata wa wancan, ba shela yake yi ba. An fassara kalmar Turancin Ingila “Speaker” ne ido rufe, 'yan jarida suka yi ta maimaitawa har ta bi jiki. Na daina faɗa a kanta, amma ni dai shugaban majalisa nake cewa.

Wani ya tambaya ko gaskiya ne kalangu na mahauta ne.

Gaskiya ne. Dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma. Yadda kalangu ya zama na biki da 'yan mata daga baya ne.

Wata ɗaliba daga Ngaundere ta ce malaminsu ya rubuta “Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza”, kakarta kuma “sauya” take cewa. Wanne ne daidai?

'Yata, bi kakarki. “Canza” baƙuwa ce daga Turanci, ta zauna, ba mai korar ta, amma karin maganar ya girme ta nesa ba kusa ba. Sai dai kada ki je ki gyara wa malaminku a gaban aji ki ce ni na aiko ki.

Mai tambaya a kan bambancin zambo da habaici, ka sake aiko wasiƙarka, rabinta ne kawai ya iso.