Filin Baba Mai Walda: Giranda da wuƙar injin yankan ciyawa

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ke kula da fili a wata makarantar kwana a Jega. Bara aka sayo mana injin yankan ciyawa mai fetur, irin wanda ake turawa, saboda filin ƙwallo da gaban ofis. Bana da damina ta kankama sai na ga ba yanka yake ba, fizga yake, kan ciyawar ya yi buzu-buzu, bayan kwana biyu ya bushe ya yi fari. Na kwance wuƙar na kai wa wani mai walda, ya zuba mata giranda, injin nan na hannu mai faifai da ake goge ƙarfe da shi, har bakinta ya yi shuɗi, ta yi kaifin aska. Da na ɗaura sai injin ya kama kakkarwa har hannuna ya riƙa mutuwa, kuma ba a rufa mako ba ta sake dakushewa. Yanzu shugaban makaranta ya ce in rubuto abin da za a saya mu riƙa wasawa da kanmu. Giranda zan rubuta, ko ɗan dutsen nan da ake ɗaura wa injin huda, wanda nake gani a waya?
Mai kula da fili, Jega

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Ba zan ga laifin mai waldan nan sosai ba, don abin da ka je nema shi ya ba ka. Kowa ya kai ƙarfe wasawa so yake ya ga yana ƙyalli yana yanka gashi. Sai dai wannan wuƙar ba da tsananin kaifi take aiki ba, da gudu take yi. Wuƙar injin turawa mai tsawon santimita 53, tana juyawa wajen sau 3,000 a minti, bakinta na can ƙarshe gudun kusan kilomita 300 a awa yake yi. A wannan gudun, baki mai siriri in ya haɗu da yashi da tsakuwa nan take yake naɗewa ya ɓantare. Abin da ake so shi ne ka bar wa bakin ɗan kauri, kusan rabin milimita, yadda in ka shafa babban yatsa za ka ji kaifi amma ba zai yanke ka ba.

Shuɗin da ka gani kuwa ba ado ba ne. Ƙarfen an gasa shi an sanyaya a masana'anta don ya yi tauri daidai wa daida. In ya fara zafi a ƙarƙashin dutse, sai ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai haske a wajen digiri 220, ya koma shuɗi a wajen 300, alhali ainihin tsinin bakin ya fi haka zafi. Wurin ya tashi daga aiki ke nan: ko ya yi laushi ya riƙa dakushewa da wuri, ko ya riƙa marmashewa. Shi ya sa ba ta kai maka mako ba. Kakkarwar kuma daga rashin daidaito ne, mai waldan ya ci gefe ɗaya fiye da ɗaya. Ka san yadda fankar sama ke rawa in fiffike ɗaya ya lanƙwashe. To wannan ta ninka fanka gudu sau da yawa. Kada ka sake tayar da injin a haka. Boris zai tafi, robar da ke tare baƙin mai za ta fara yoyo, notuna su kwance, kuɗin gyara ya fi kuɗin wuƙa goma.

Abin da za ka rubuta wa shugaban makaranta: ƙaramar giranda mai faifan milimita 115, mai ƙarfin wat 700 zuwa 900, ko Bosch ko Makita in aljihu ya yarda, ko Ingco da Total da suka cika kasuwa yanzu. Da faifan samfefa, wato wanda aka jera gutsattsarin samfefa a kan juna, mai lamba 60. Shi ya fi dutsen goge walda sanyin hannu, ba ya cin ƙarfe da haɗama, ba ya saurin ƙona baki. Da magagari na ƙarfe mai faɗi, da tabarau na aiki, da abin damƙe ƙarfe a tebur. Siririn faifan yanka kada ya shigo wannan aikin ko kusa. An yi shi ne ya ci da bakinsa. In ka danna shi ta gefe, fashewa yake yi.

Dutsen injin huda ba ƙarya ba ne. Yana da 'yar roba da ke riƙe masa kwana, kuma da yake injin huda bai da gudu sosai, da wuya ya ƙona ƙarfe ko ya ji wa mutum ciwo. Amma dutsen na saurin cinyewa, kuma in wuƙa ta yi giɓi daga dukan dutse, sai ka wuni a kanta. Mai ɗan fili a cikin gida ya ishe shi. Kai da ke da filin ƙwallo, giranda.

Ga yadda nake yi. Kafin hannu ya shiga ƙarƙashin inji, a cire wayar fulogi, don juya wuƙa da hannu na iya tayar da shi. A bari fetur ya yi ƙasa a tanki, a kwantar da injin ta yadda gefen matatar iska da kafireto ke sama, in ba haka ba baƙin mai ya malala ciki, gobe ka yi ta jan igiya yana tari da hayaƙi. Ka cusa guntun katako tsakanin wuƙa da jikin inji ya tokare ta, ka sa sifana mai zobe daidai kan notin. Kafin ka zare ta, ka yi mata alama da alli a fuskar da ke kallon ƙasa. Ka kankare busasshiyar ciyawa da laka tas, don su ma nauyi ne.

In ka ɗaure ta, duba bakin da kyau: fuska ɗaya ce ke da gangare, ta saman, kuma a yawancin wuƙaƙe gangaren wajen digiri 30 ne. Ba sai ka nemi ma'auni ba. Ɗauki maka baƙa, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada, ka shafe gangaren duka, ka ɗora faifan ka ja sau ɗaya daga ciki zuwa ƙarshe, sannan ka ɗaga ka duba. In tawadar ta goge a tsini kawai, ka miƙar da girandar da yawa. In ta goge ta baya ta bar tsini baƙi, ka kwantar da yawa. In ta goge bai ɗaya, hannunka ya samu kwana, riƙe shi nan. Kada ka danna, nauyin girandar ya isa. Kada ka tsaya wuri ɗaya. Ja uku ko huɗu, ka taɓa bayan ƙarfen da yatsa. In ba ka iya barin yatsan a kai, tsoma ta cikin bokitin ruwa ko ka koma ɗaya gefen. Yawan jan da ka yi wa dama shi za ka yi wa hagu. Ƙananan giɓi kada ka bi su har sai sun ɓace, za ka cinye wuƙar a banza, kuma ba su hana yanka. Ɗan gashin ƙarfe da zai fito ta ƙasa, kwantar da magagari ka share shi da ja ɗaya ko biyu, kada ka yi wa ƙasan gangare.

Sai gwajin da mai waldanka ya tsallake. Kafa ƙusa a bango ko jikin bishiya, a miƙe, ka rataya wuƙar ta ramin tsakiya a kwance. Gefen da ya sunkuya shi ne mai nauyi: koma ka ɗan rage shi ta kan gangaren, ka sake ratayawa, har ta tsaya ba ta karkata. Wajen ɗaurawa, alamar allinka ta kalli ƙasa, fukafukan da suka lanƙwaso su kalli sama, ka ɗaure notin tamau.

Fukafukan nan ka riƙa duba su. Su ke zuƙo iska su miƙar da ciyawa, tare da ita kuma su zuƙo yashi, ƙasarmu ta Kabi kuwa ba ta rasa shi. Yashin na cin gindin fiffiken har ya yi siriri ya tsage, wata rana ya ɓalle ya fita da gudun da na faɗa maka, ga yara a fili. In ka ga wurin ya fara rami, wuƙar ta gama yayinta ko da bakin na da kyau. Masu ƙera injin na cewa a wasa bayan awa 20 zuwa 25 na aiki. A filin da yashi ya yi yawa ba ta kaiwa. Ka ɗaga tayoyin kada ta riƙa sharar ƙasa, ka sa ɗalibai su tsince duwatsu da waya kafin ka fara. Kuma ka tuna a Ingila aka fara ƙera injin yankan ciyawa, wani Edwin Budding a 1830, don lallausar ciyawar filayen wasa da lambuna. Ciyawar ƙiri-ƙiri zai yanka maka ita da daɗi. Gamba da kyasuwa da suka kai gwiwa kuwa, adda ce za ta fara shiga.

Magana ɗaya a kan faifai, don nan ne ake rasa ido. Ƙaramar giranda na juyawa wajen sau 11,000 a minti, faifanta kuma an rubuta masa iyakar 13,300. Babban faifan milimita 230 iyakarsa wajen 6,600. Saboda haka masu cire murfin kariya su ɗaura babban faifai a ƙaramar giranda, da ransu suke wasa. Dutsen gogewa da na yanka suna da ranar lalacewa a buge jikin zoben ƙarfen tsakiya, shekara uku daga ƙerawa, kuma damshi na rage musu ƙarfi. Wanda ya sha ruwan damina a rumfar kasuwa ka bar wa mai shi, araha ba ta ado.

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Amurka ya aiko da ɗan inji na hannu, Dremel, har da abin wasa wuƙar ciyawa. Mai yi mana aikin lambu ya ce an rubuta 120V a jiki. Za mu iya jona shi?
Wata uwa, Gusau

Amsa: Hajiya, Allah ya yi wa mai lambun nan albarka da ya karanta kafin ya jona. Wutarmu 230 ce, kusan ninki biyu. Da ya sa a soket, da hayaƙi kawai za ku gani. Kan fulogi da ake sayarwa don ya shiga soket ɗinmu ba ya rage wuta. Taransifoma mai rage wuta za a nema, ta wat 500 ta isa har da rara, don ɗan injin wajen wat 200 yake ci. A duba sitabilaizar gidan ma, da yawansu na da mafitar 110. Yana yin aikin, sai dai dutsensa ƙarami ne, na gyara bakin da bai lalace ba ne. Ya fi amfani a almakashin datse furanni.

Tambaya: Baba, na gama sakandare ba aiki. Ina so in sayi giranda mai batir in riƙa bin kasuwannin ƙauye ina wasa wa mutane adda da gatari da lauje, musamman lokacin yankan shinkafa. Mi ka gani?
Matashi daga Argungu

Amsa: Na ga sana'a, ɗana, amma ka yi lissafin batir kafin ka ciyo bashi. Giranda ta fi kowane injin hannu shan batir. Batir mai 18V da 4Ah, wato ƙarfin wutarsa da yawan cajin da yake ɗauka, in kana aiki ba tsayawa, minti goma zuwa sha biyar ne ya mutu. Batir biyu ne mafi ƙaranci, uku ya fi, da wurin caji a kasuwar. Kada ɗan kasuwa ya ƙara maka kuɗi don an rubuta 20V; shi da 18V abu ɗaya ne, ɗaya an auna shi ne yana cike. Kada ka bar batir a rana ko cikin akwatin babur a zafin Afrilu, kuma in ya yi zafi daga aiki, bari ya huce kafin caji. In janareta za ka bi, ɗan ƙaramin nan mai wat 650 ba ya ɗaukar giranda, tana tashi yake durƙushewa.

Adda, gatari, fartanya, galma, duk ka wasa da faifan samfefa, da bokitin ruwa a gefe. Lauje mai haƙora kada ka sa masa giranda a baki. Haƙoran ne ke kama karan shinkafa, ja ɗaya za ka share su, manomi ya dawo da rana tsaka yana nemanka. Wannan aikin maƙeri ne da siririn magagari, kuma in kana da wayo ka zauna wurin wani ka koya, ka haɗa biyu. Wuƙar mahauta da ta kicin su ma dutse da ruwa suke so, bakinsu ya yi siririn da giranda za ta ƙone shi kafin ka ƙifta ido.

Tambaya: Oga, wuƙar injina ta daki kututture ta lanƙwashe, ga 'yar tsaga kusa da ramin noti. In na miƙar da ita a wuta na yi mata walda, za ta yi?
Makanike, Yawuri

Amsa: Ba za ta yi ba, abokina. Ni da ake kira mai walda ba na karɓar wannan aikin ko nawa za a biya. Wuta za ta kashe taurin ƙarfen, gefen waldar kuma nan zai sake tsagewa, wannan karon tana cikin gudu. Ka ɗauki tsohuwar ka tafi da ita shago. A auna tsawonta daga kusurwa zuwa kusurwar da ke ƙetare, a gwada ramin tsakiya, don wani zagaye ne, wani mai tauraro, wani da ƙananan ramuka biyu a gefe. Kafin ka ɗaura sabuwar, cire wayar fulogi ka ja igiya a hankali kana kallon sandar da wuƙar ke zama a kai. In tana lilo, dukan kututturen ya lanƙwasa ta ita ma, kuma sabuwar wuƙa ba za ta hana kakkarwa ba sai an canza sandar.