Tambaya da Amsa: Yaya ake buga shogi, darar Japanawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Yayana da yake karatu a Japan ya zo hutu ya kawo mana tsarabar wani wasa wai shi shogi, allo ne da ƴaƴa na katako duk kalarsu ɗaya da rubutun can a jiki, kuma har ya koma bai samu ya koya mana ba. Ni dai na ɗan iya ces, wato darar Turawa, amma wannan na rasa ma yadda zan gane nawa da na abokin wasa. Don Allah a taimaka. Daga wani mai karatu, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya Yaya ya yi muku babbar tsaraba, kar ku bari ta yi ƙura a saman durowa. Wannan kala ɗayan da ta ruɗa ka kuwa a nan gizo ke saƙar, amma bari mu fara jera kayan tukuna.

Allon gida 81 ne, 9 a tsaye 9 a kwance, kowa yana da ƴaƴa 20. Duba da kyau za ka ga kowane ɗa yana da tsini a gaba kamar bakin mashi, toh duk wanda tsininsa ya kalli abokin wasanka naka ne, wanda ya kallo ka nasa ne. A layin da ke gabanka sarki yana tsakiya, zinare biyu dama da hagunsa, sai azurfa biyu, doki biyu, mashi biyu a kusurwa. Layi na biyu ƴaƴa biyu ne kacal, hisha a gida na biyu daga dama, kaku a gida na biyu daga hagu, layi na uku kuma sojoji 9 su cika shi.

Tunda ka iya ces rabin aikin ya ƙare. Sarki taku ɗaya ko'ina, hisha yana tafiya miƙe gaba da baya da gefe iya yadda hanya ta buɗe, kaku kuma a karkace. Babu sarauniya. Zinare taku ɗaya ko'ina banda baya a karkace, azurfa taku ɗaya gaba ko a karkace ta kusurwa huɗu, ba ta zuwa gefe ba ta komawa baya miƙe. Doki yana tsallake amma gaba kawai, gida biyu gaba ɗaya gefe. Mashi gaba kawai komai nisa. Soja taku ɗaya gaba, kuma ta gaban yake ci, kar ka yi masa cin karkace irin na ces.

In ɗanka ya shiga layuka uku na ƙarshe a ɓangaren abokin wasa sai ya samu ƙarin girma, ka juya shi, shi ya sa ka ga rubutu a bayansa, sau da yawa da jan tawada. Azurfa, doki, mashi da soja duk sai su koma tafiyar zinare, hisha ya ƙara taku ɗaya a karkace, kaku ya ƙara taku ɗaya miƙe. Sarki da zinare ba sa juyawa. Kuma ba dole ba ne ka juya sai in ɗan ya kai inda ba shi da sauran wajen zuwa, wani lokacin ma barin azurfa a yadda take ya fi amfani saboda ta fi iya zamewa baya.

Yanzu ga maganar kala. A shogi ɗan da ka ci ba ya mutuwa, naka ya zama. Za ka ajiye shi a gefen damanka a fili inda abokin wasa yake gani, Japanawa har wani ɗan teburi suke da shi don haka mai suna komadai, duk lokacin da yinka ya zo kana da zaɓi, ko ka matsa ɗan da ke allo ko ka ɗauko na hannu ka dasa shi a duk gidan da babu kowa, ko da a bayan sarkinsa ne. Ka ga kenan da an shafa musu fari da baƙi abin ba zai yiwu ba, tunda ɗan da yake yaƙarka yanzu anjima kai zai yi wa yaƙi. Ni a ganina wannan dokar ce ta sa shogi ya fi ces zafi a ƙarshen wasa, a ces ƴaƴa raguwa suke yi har a rasa abin yi a tashi canjaras, a nan kuwa duka 40 ɗin suna nan suna yawo daga hannu zuwa hannu har ƙarshe, sojan da ka yar tun farko ba ka damu ba shi za ka gani an dasa maka a ƙofar gida, don haka canjaras ba ta cika faruwa ba.

Dasawar tana da sharuɗɗa, ka riƙe su sosai don a gasa wanda ya karya ya faɗi nan take. Ba a dasa soja a layin tsaye da kake da wani sojan da bai juya ba, wannan shi ne nifu, kuma har ƙwararru yana kamawa jefi-jefi. Ba a kashe sarki, wato a rutsa shi ya rasa mafita, da dasa soja, amma in sojan tafiya ya yi ya kashe babu laifi. Ba a dasa ɗa inda ba zai iya motsi ba. Kuma ɗa yana dawowa ne da matsayinsa na asali ko da a juye ka ci shi.

Wanda zai fara, sojoji 5 ake girgizawa a watsa a allo a duba fuskar da ta fi yawa. In wasa ya maimaita kansa sau 4 a yanayi ɗaya sai a sake sabo, amma in kai ne kake ta kai wa sarki hari ba tsayawa har aka maimaita toh kai ka faɗi. Abin da yake burge ni da su ladabi, ana gaisawa da sunkuyo kafin a fara, wanda ya ga ba shi da mafita shi da bakinsa zai ce ya faɗi, sannan su zauna tare su bi wasan daga baya su ga inda aka yi kuskure. Ku ɗauki wannan a gidanku, ya fi saurin koyar da mutum.

Rubutun kar ya tsorata ka, nau'i 8 ne kawai, kuma girman ɗa yana nuna ƙarfinsa, soja ne ƙarami. Ka liƙa ƴar takarda da harafi a jiki zuwa ido ya saba. In na katako mai kyau ne ka lallaɓa shi, garin Tendo da ke yankin Yamagata ya yi suna wajen sassaƙa su da hannu. In kana son ganin ƙwararru ka nemi wasannin Fujii Sota, yaron da ya zama ƙwararre yana shekara 14 a 2016, a 2023 kuma ya haɗa manyan kambuna 8 na Japan duka a hannunsa. A waya akwai Lishogi da 81Dojo, kyauta ne.

TAMBAYA: Yarana ƙanana ne, ƴar shekara 5 da ɗan 7, akwai irinsa mai sauƙi? Daga wata uwa, Maraɗi.

AMSA: Akwai Hajiya, dobutsu shogi, shogin dabbobi, wata ƙwararriya Madoka Kitao ce ta ƙirƙiro dokokinsa a 2008. Gida 12 ne, 3 a kwance 4 a tsaye, kowa ƴaƴa 4: zaki shi ne sarki, giwa taku ɗaya a karkace, raƙumin dawa taku ɗaya miƙe, ɗan tsako taku ɗaya gaba, in ya kai ƙarshe ya zama kaza mai tafiyar zinare. Ana dasa wanda aka ci kamar a babban. Ana cin wasa in an kama zaki, ko zakinki ya isa layin ƙarshe ba tare da an iya kama shi ba. Ba sai kin saya ba ma, kwali da almakashi sun isa, ki bar su su zana dabbobin da kansu ke kuma ki ɗiga musu ɗigo a gefen da kowace take zuwa.