Tambaya da Amsa: In goge curl ne saboda raunin tsaro?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wurin aikinmu, kuma manhajar binciken tsaro ta nuna mini rauni mai lamba CVE-2023-38545 a cikin wani abu mai suna curl, alhali ban taɓa saka shi da hannuna ba. In goge shi ne, ko in sauko da sabo in maye gurbinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka goge shi, Malam, kuma kada ka yi gaggawar maye gurbinsa da hannu. Ita curl manhaja ce ta aika bayanai da karɓo su ta hanyar intanet, wadda Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin, ya fitar da wannan suna a 1998. Tana zuwa a cikin Windows tun 2018, haka nan a macOS da nau'o'in Linux da yawa, sannan ɗimbin manhajoji suna dogara da ɓangarenta mai suna libcurl ba tare da mai kwamfuta ya sani ba. Idan ka cire ta, sai ka ga wani aikin da ba ka zata ba ya tsaya cak.

Raunin da ka ambata na gaske ne. Ya shiga tun daga sigar 7.69.0 ta 2020, aka toshe shi a sigar 8.4.0 ranar 11 ga Oktoba, 2023. Yana tasowa ne idan curl tana bi ta wata kwamfuta mai shiga tsakani ta tsarin SOCKS5, wadda aka bar wa aikin gano adireshin inda za a je. Tsarin bai yarda sunan wurin da za a je ya wuce bayit 255 ba (wato kusan harafi 255), to amma idan mai shiga tsakanin ta yi jinkirin amsawa, curl takan kwafi dogon sunan gaba ɗaya ta cusa shi a gurbin da bai ishe shi ba, sai rarar ta malale ta ɓata abin da ke maƙwabtaka da shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da irin wannan ɓarakar ce mai kutse kan durƙusar da manhaja, wani lokaci ma ya sa ta yi masa aiki. Wanda ba ya bi ta SOCKS5 kuwa, wannan rauni bai buɗe masa ƙofa ba, ko da yake hakan ba hujjar barin gyara ba ce.

Inda nake so ka fi natsuwa shi ne kan lambar siga, domin a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Masu kula da nau'o'in Linux irin su Debian, Ubuntu da Red Hat sukan ɗauko gyaran kaɗai su ɗinke shi a jikin tsohuwar siga, saboda haka babbar lambar ba ta canzawa alhali ramin ya riga ya toshe. Manhajar bincike da ke duba lamba kawai za ta ci gaba da yin ƙararrawa. Abin dubawa shi ne sanarwar tsaro ta masu tsarin da kake amfani da shi, ka nemi lambar raunin a ciki.

Gyara ya kamata ya biyo hanyar da manhajar ta shigo. Ta cikin Windows sai ta Windows Update, domin taɓa ta da hannu na iya dagula sabuntawar da za ta zo daga baya. Idan kuma wata manhaja ce ta zo da libcurl a cikinta, sai ka tuntuɓi kamfanin da ya yi ta, ka tambaye su sigar da ke ɗauke da gyaran.